Filin Girki: Gashin Bratwurst a Na'urar Suya da Iska

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali. Ni uwargida ce mai 'ya'ya huɗu a Gwarimpa, nan Abuja. Makonni biyu da suka wuce maigida ya shigo da wani irin sosej daga wani babban kanti a Wuse, an rubuta bratwurst a jikin ledar, ya ce ya taɓa cin irinsa lokacin da ya je kwas Jamus. Na zuba guda shida a na'urar suya da iska, wadda muke kira eya firaya, na murɗa ta zuwa 200 kamar yadda nake yi wa dankali. Bayan minti 10 na buɗe, na tarar huɗu sun fashe, bayansu ya yi baƙi, maiƙo ya tsiyaye ƙasa, amma da na yanka sai na ga tsakiyar da saura. Ga kuma Hajiya, mahaifiyar maigida, ta ce ita ba za ta ci ba, domin ta ji an ce naman alade ne. Anti, mece ce gaskiyar wannan magana, kuma yaya ake gasa shi ya nuna ba tare da ya fashe ba? Akwai sauran leda ɗaya a firiza, na kasa taɓa ta.

Uwargida, Gwarimpa

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Zan fara da maganar Hajiya, domin ita ce gaba da komai, kuma abin da ta ji ba ƙarya ba ne. Bratwurst abincin Jamusawa ne, kuma a can ƙasar tasu yawancinsa da naman alade ake yi, wani lokaci a gauraya da na maraƙi ko na saniya. Tsohon abinci ne ƙwarai: an ambaci na birnin Nurembag a rubuce tun shekarar 1313, na yankin Turingiya kuma tun 1404. Sunan kansa bai ce alade ba, kalmomi biyu ne aka haɗa, ɗaya na nufin naman da aka niƙa, ɗayar kuma sosej. Saboda haka ganin sunan a jikin leda ba ya tabbatar miki da halacci, ba ya kuma tabbatar da akasinsa. Abin da zai raba gardama shi ne jerin kayan haɗin da aka rubuta da ƙananan baƙaƙe a bayan ledar.

Ki fito da ledar da ta rage ki duba abu biyu. Na farko shi ne naman. Idan rubutun da Turanci ne, kin san kalmar pork. Idan kuwa daga Jamus aka shigo da shi, Schwein shi ne alade, Rind saniya, Kalb maraƙi, Geflügel kuma dangin kaji. Na biyun shi ne wanda mutane da yawa ke mantawa, wato rigar da aka ɗura naman a ciki. Wannan siririyar fata hanji ce, kuma sau da yawa akan ɗura naman saniya zalla a cikin hanjin alade, a rubuta saniya da manyan baƙaƙe a gaba, hanjin kuma a ambace shi can ƙasa. Schweinedarm hanjin alade ne, Schafsaitling na tunkiya. Akwai kuma rigar da ake sarrafawa a masana'anta, mafi yawa daga fatar shanu. Bayan wannan akwai batun yanka, wanda rubutun kayan haɗi ba ya bayyanawa, sai dai tambarin halal ko sanin mai yin. Idan babu tambari, babu kuma wanda zai faɗa miki inda aka yanka dabbar, ni dai ba zan ajiye shi a gaban Hajiya ba. Kada kuma wanda bai wuce wannan bincike ba ya shiga na'urar da kike soya wa gida dankali.

Mu ɗauka kin duba, kin sami na saniya ko na kaza mai tambari. Abin da ya faru da naki a ranar nan ba laifin kanti ba ne, wutar ce ta yi yawa. Na'urar nan, duk da sunanta, ba suya take yi ba. Ƙaramin oben ce, da ƙarfe mai ɗaukar zafi a sama da fanka mai ƙarfi a bayansa, tana hura iska mai zafi ta kewaye abin da ke cikin kwando. Kamfanin Philips ne ya fito da ita kasuwa a baje kolin kayan lantarki na Barlin a 2010. Da yake iskar tana bugun abinci kai tsaye, waje yana saurin busar da ruwa ya yi ja. Wannan shi ake so ga dankalin da aka yanka siriri. Bratwurst kuwa kauri gare shi, kuma a ɗaure yake. A digiri 200, rigar tana bushewa ta tsuke tun a mintuna na farko, a daidai lokacin da kitse da ruwan da ke ƙarƙashinta suke narkewa suna neman wuri. Riga tana matsewa, ciki yana kumbura, dole ta tsage. Da zarar ta tsage maiƙon ya gudu, zafin kuma bai riga ya isa tsakiya ba, domin shigarsa cikin nama lokaci yake ɗauka, ƙara wuta ba ya gaggauta shi sai kaɗan. Shi ya sa kika sami ƙuna da ɗanyantaka a jikin abu ɗaya.

Ga yadda nake yi. Tun daren jiya nakan sauko da shi daga firiza zuwa firji domin ƙanƙarar ta saki a hankali. Kafin gashi nakan fito da shi na kamar minti 10, in goge danshin jikinsa da tsumma mai tsabta. Sai in kunna na'urar babu komai a ciki ta yi minti 3 a digiri 180. A jera su a kwando layi ɗaya, da tazarar yatsa tsakanin kowane biyu, domin inda biyu suka haɗu iska ba ta shiga, wurin zai fito fari. Idan kwandonki ƙarami ne, gara ki yi zubi biyu da ki tula shida lokaci ɗaya. Ba a sa mai, kitsen jikinsa ya ishe shi. A bar shi a digiri 180, a juya bayan minti 7, a ci gaba har minti 12 zuwa 15 idan mai kauri ne, irin wanda guda ɗaya ke kai gram 100. Ƙananan nan irin na Nurembag, masu tsawon santimita 7 zuwa 9 da nauyin da bai wuce gram 25 ba, minti 8 ko 9 ya ishe su. Wajen juyawa a yi amfani da awartakin girki ko cokali biyu, ban da cokali mai yatsu.

A nan ne zan saɓa wa abin da wataƙila maƙwabciya za ta gaya miki, cewa a huhhuda shi kafin a gasa domin kada ya fashe. Gaskiya ne wanda aka huda ba kasafai yake fashewa ba, amma dalilin shi ne an buɗe wa romon ƙofa tun da wuri, kuma romon nan shi ne abin da maigida ya tuna daga Jamus. Abin da zai rage a kwando busasshen nama ne mai kama da dambun da ya kwana. Maganin fashewa rage wuta ne. Idan kin ga na'urarki mai zafin rai ce, domin ba duka suke daidai da lambar da ke jikinsu ba, ki sauko zuwa 170 ki ƙara minti 2 ko 3.

Sai batun nuna, wanda ya fi duk sauran muhimmanci a gida mai yara da tsohuwa. Mun saba da tsire da balangu, inda idan waje ya gasu an gama da yawancin haɗarin, saboda ƙwayoyin cuta a saman tsoka suke zama. Niƙaƙƙen nama ba haka yake ba. Injin niƙa ya riga ya cuɗa saman da cikin, abin da yake waje ya koma tsakiya. Don haka ne Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sa ƙa'ida cewa tsakiyar niƙaƙƙen naman saniya ko rago ko alade ta kai digiri 71, ta kaza da talotalo kuma 74. Launi ba shaida ba ne: nama yakan yi ruwan ƙasa tun bai kai wannan zafi ba, wani kuma ya wuce shi amma yana nan da ɗan ja saboda gishirin adanawa da aka sa masa. Ƙaramin ma'aunin zafi mai tsinke, wanda ake samu a shagunan kayan kek, shi ne zai cire miki shakka. Ki soka shi ta bakin sosej ɗin, a tsaye, har kan tsinken ya isa tsakiya, ki zaɓi wanda ya fi kauri, kuma ki yi haka sau ɗaya wajen ƙarshe.

Idan babu ma'auni a gidan, akwai hanyar da hankalina ya fi kwanciya da ita, ko da yake tana ƙara wankin tukunya. Ki ɗora ruwa da yankakkiyar albasa da ɗan citta, idan ya tafasa ki rage wuta har ya daina ɓararraka, sai tururi da ɗan motsi kawai. Ki zuba sosej ɗin ya yi minti 10 zuwa 12 a ciki. Kada ruwan ya koma tafasa, domin tafasa ma tana fasa riga. Ki tsame, ki goge, sannan ki sa a na'ura a digiri 190 na minti 6 ko 7 domin ya yi ja. A jihar Wiskonsin ta Amurka, inda Jamusawa da yawa suka yi ƙaura suka tafi da abincinsu, a cikin giya da albasa suke wannan dahuwar, shi ya sa za ki riƙa cin karo da giya idan kina neman girkin a intanet. Ruwan albasa yana yin aikin sarai. Ki lura kuma ko naki dafaffe ne tun daga masana'anta, domin akwai irin wannan, yakan zo fari-fari da ɗan tauri a hannu. Shi ɗumamawa da canza launi kawai yake buƙata, minti 7 zuwa 9 a digiri 180.

Idan kin sauke, ki bar shi ya huta minti 5 kafin wuƙa ta taɓa shi. Yara za su dame ki, ki daure. A Nurembag guda uku ake cusawa a ƙaramin burodi da mustad, a wasu wuraren kuma a ci da kabeji mai tsami ko dankali. A gidana da burodi da soyayyar albasa muke ci, maigidana kuma sai ya barbaɗa yajin ƙuli, abin da na san Bajamushe zai riƙe baki idan ya gani, amma yana shiga.

Idan kuwa ledar ta faɗi jarrabawa, kada ki ce an rufe babin. Kina iya haɗa naki, kuma a nan ne sanin mahauci ke da rana, domin da ɗan gari akan ci gari. A kowane kilo ɗaya, ki nemi gram 750 na tsoka da gram 250 na kitse. Ƙirji da tozo sun dace ƙwarai, kuma kada ki bari tsoron kitse ya sa ki rage, domin sosej marar kitse ba ya taunuwa. Ki sa gishiri gram 18, masoro kamar ƙaramin cokali ɗaya, rabin cokali na gyaɗar ƙamshi, rabin cokali na garin citta, da tafarnuwa kaɗan. Ganyen da ke ba na Nurembag ƙamshinsa shi ne majoram, ana samun busasshensa a manyan kantuna. Sirrin aikin sanyi ne. Naman ya yi sanyi ƙalau kafin a niƙa, a zuba masa rabin kofi na ruwan ƙanƙara, a cuɗa da hannu har ya yi danƙo ya riƙa manne wa tafi. Idan ya ɗumama a wurin niƙa, kitsen zai narke ya rabu da tsoka, kuma wajen gashi zai tsiyaye ya bar ki da gari. Saboda haka ba na son a kai shi injin kasuwa da rana tsaka. Riga kuma ƙaramin hanjin rago ne, a wanke, a kankare shi da bayan cokali har ya zama siriri, a jiƙa a ruwan gishiri, a ɗura da mazurari ba tare da an cika shi tam ba. Wadda ba ta da wannan juriya ta mulmula naman kamar tsawon yatsa ta gasa haka nan, a rage lokacin zuwa minti 10 ko 11. Kitsen saniya yana saurin daskarewa a baki idan ya huce, don haka a ci da zafinsa. Wannan kam ina da yaƙinin Hajiya za ta karɓa, tunda ta san mahaucin.

TAMBAYA

Barka da aiki Malama. Ni malamin makaranta ne a Bukuru, ina zaune ni kaɗai. Ƙanena ya aiko mini da na'urar suya da iska daga Amurka, lambobin jikinta sun kai har 400, ba su yi daidai da waɗanda nake ji kuna ambatawa ba. Nakan sayi bratwurst a cikin garin Jos, wani lokaci na alade, wani lokaci na saniya, kuma daga firiza nake jefa shi kai tsaye. Damuwata biyu ce: hayaƙi yana cika mini ɗaki, sannan sau biyu ke nan ana ɗauke wuta ina tsakiyar gashi, in rasa ko in jira ko in zubar.

Malami, Bukuru

AMSA

Barka kadai Malam. Lambobin na'urarka ma'aunin Farenhait ne, wanda Amurkawa ke amfani da shi, mu kuma da Salshiyos muke magana. Inda na ce 180, kai ka sa 360, ko 350 idan ita ce lambar da ke kusa. Lamba 400 ta ɗan haura digiri 200 namu, wato wutar da ta fasa na uwargidan Gwarimpa. Zafin da ake so tsakiya ta kai, wato 71, shi ne 160 a naku lissafin, kuma ɗaya ne ga alade da saniya. Tun da daga Amurka ta zo, ka duba takardar da ke manne a ƙasanta. Wutarsu bolt 120 ce, tamu 230, saboda haka sai da taransifoma mai rage ƙarfin wuta, kuma ƙarfinta ya zarce abin da na'urar ke ja. Irin waɗannan na'urori sukan ja wat 1400 zuwa 1800, don haka ƙaramar taransifoma ta cajin waya ko ta rediyo za ta ƙone ne kawai. Wannan lissafi ne kuma ya sa ƙaramin janareta da bai kai wat 1000 ba ba zai ɗauke ta ba. Kuɗin wutar dai ba abin tsoro ba ne, na'ura mai wat 1500 da ta yi aiki minti 20 ba ta wuce rabin yunit a mita.

Gasawa daga firiza kai tsaye ba laifi ba ne, lokaci kawai yake ƙarawa. Ka fara da 340 na minti 5 domin su saki juna, ka raba su, sannan ka ɗaga zuwa 360, jimillar lokaci minti 18 zuwa 20, da juyawa sau biyu. A sanyin hunturun Jos, lokacin da ɗakin girki kansa ke kamar firji da asuba, kada ka tsallake ɗumama na'urar tukuna.

Hayaƙin da kake gani, idan fari ne, maiƙo ne da ya ɗiga a ƙasan tiren yana ƙonewa, ko wanda ya fantsama kan ƙarfen sama ya kwana a can. Ka zuba babban cokali biyu ko uku na ruwa a ƙasan, ƙarƙashin kwandon, yadda ba zai taɓa naman ba. Bayan kowane gashi ka wanke tire da kwando, idan na'urar ta huce kuma ka zare ta daga soket ka goge saman da jiƙaƙƙen tsumma. Kada ka rufe ramukan kwando gaba ɗaya da foyil, domin ta nan iska ke zagawa, kada kuma ka sa takardar gashi ita kaɗai kana ɗumama na'urar, fanka za ta ɗaga ta ta manna wa ƙarfen mai zafi. Idan kuwa hayaƙin baƙi ne ko shuɗi, da warin roba, wannan ba na nama ba ne. Ka zare waya nan take, ka nemi mai gyara ya duba na'urar da taransifomar duka.

Idan wuta ta tafi kana tsakiyar gashi, kada ka jira ta, kada kuma ka zubar. Naman da ya ɗumama bai nuna ba shi ne mafi haɗari, domin tsakanin digiri 4 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa da sauri, kuma ƙa'ida ita ce kada nama ya wuce awa 2 a wannan hali, ko awa 1 idan zafin gari ya haura 32. Ka kwashe shi nan take zuwa kasko a kan gas ko risho, ka zuba ruwa kaɗan, ka rufe a ƙaramar wuta har ya nuna, sannan ka buɗe ruwan ya ƙone, ya soyu da maiƙon kansa. Wanda ke firiza kuma, idan a cike take ba a buɗe ba, takan riƙe sanyi kamar awa 48, mai rabin kaya awa 24, firji kuwa awa 4 kawai. Idan ka taɓa ka ji akwai sauran ƙanƙara a jikin ledar, yana nan lafiya. Idan ya saki gaba ɗaya har ya ɗumama, kada ka dogara da hanci, ka rabu da shi. Wanda ka gasa ya rage yana iya yin kwana 3 zuwa 4 a firjin da ke samun wuta.

Tun da kana kusa da Bokkos da Mangu, inda dankalin Turawa ke fitowa, ka yanka biyu ko uku ƙanana-ƙanana, ka shafa musu ɗan mai da gishiri, ka ba su minti 8 su kaɗai a kwando, sannan ka tura su gefe ka jera sosej ɗin da ya riga ya saki ƙanƙara. Za su nuna tare, kwando ɗaya kuma za ka wanke kafin ka koma kan takardun ɗalibai.